Ni likitanci, maigida digiri na uku: yaya za mu zaɓi makarantu ba tare da mun raba gida ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni da maigidana muna zaune a Columbus ta jihar Ohio, muna da takardar zama ta dindindin, da ɗiya 'yar shekara biyu. Na gama digirin farko a nan Amurka, na samu 511 a MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, ina shirin neman makarantar likitanci a bana. Shi kuma yana son fara digiri na uku a fannin injiniyan lantarki a shekarar da nake sa ran farawa. Wasu sun ce in nemi makarantu talatin a ko'ina, duk inda aka ɗauke ni ya biyo ni. Wasu sun ce in dakata har ya samu wuri tukuna. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya yarinya, ya kuma sa albarka a abin da kuka sa a gaba. Shawarwarin biyu da aka ba ki, ban goyi bayan ko ɗaya ba. Abin da nake so ku yi shi ne ku ajiye jerin sunayen makarantu a gefe, ku ɗauko taswira, ku fara zaɓar garuruwa. Garin da zai iya ɗaukar ku biyu, shi ne ya cancanci kuɗin fom ɗinku.

Dalilin da ya sa na ce haka yana cikin lissafin guraben. A 'yan shekarun nan mutum sama da 50,000 ne ke neman makarantun da ke ba da digirin likita na MD a Amurka kowace shekara, kusan 23,000 ne ke shiga. Wato cikin mutum goma, sama da biyar suna kammala shekara ba tare da makaranta ko ɗaya ta ɗauke su ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka gurbi ɗaya tak suka samu. Makinki na 511 yana daidai da matsakaicin waɗanda ake ɗauka, ba ƙasa ba, ba kuma can sama ba. Ki shirya wa yiwuwar cewa ba za a ba ki zaɓi tsakanin garuruwa biyar ba. Wataƙila gari ɗaya ne, wataƙila biyu. Kuma idan kin shiga, kin zauna ke nan. Canjin makaranta a likitanci abu ne mai wuyar gaske: makarantu da yawa ba sa karɓa ko kaɗan, masu karɓa kuma sai a farkon shekara ta uku, idan wani ɗalibi ya bar kujera. Rabuwa da miji tana cikin dalilan da wasu ke saurara, amma ba abin da za a gina aure a kansa ba ne.

To ko maigida ne zai bi ki ido rufe? Nan ma a'a. Masu cewa ya biyo ki ko'ina ba su san yadda digiri na uku yake ba. Shi ba jami'a yake nema ba, malami yake nema, wanda ke bincike a kan abin da yake so, yake da kuɗin ɗaukar ɗalibi a wannan shekarar, kuma ake iya zama da shi shekara biyar ko shida. Injiniyan lantarki fage ne mai faɗi. Wanda ke son tsarin wutar lantarki da wanda ke son ƙananan sassan kwamfuta ba wuri ɗaya za su nufa ba. Ki tambaye shi ya rubuto sunayen malamai, ba sunayen jami'o'i ba, kamar goma sha biyar zuwa ashirin, ya kuma tura musu wasiƙa tun watan Agusta ko Satumba ya ji ko suna ɗaukar ɗalibai. Garuruwan da waɗannan malaman suke, ku ɗora su a kan garuruwan da ke da makarantun da makinki zai iya shiga. Inda suka haɗu, nan ne jerinku.

Babbar sa'arki ita ce jihar da kike zaune. Makarantun gwamnatin jiha suna fifita 'yan jiharsu wajen ɗauka, kuɗin makaranta kuma ya fi sauƙi, AMCAS kuwa, wato tsarin da ake neman makarantun MD ta cikinsa, jiha ɗaya take bari mutum ya rubuta a matsayin tasa. Ohio tana da makarantun MD na gwamnati a Ohio State da ke Columbus, da Cincinnati, da Toledo, da Wright State a Dayton, da NEOMED a Rootstown, ga kuma Case Western mai zaman kanta a Cleveland. Sai makarantar DO (wani digirin likita ne ban da MD) ta Jami'ar Ohio mai rassa a Athens da Cleveland da Dublin, ita Dublin ɗin nan kusa da ku take, a gefen Columbus. Jihohi kaɗan ne ke da irin wannan. Ohio State da Case Western sun fi tsauri, matsakaicin makinsu ya haura naki, amma ki nema, musamman Ohio State. Sauran su ne ƙashin bayan jerinki.

Yanzu duba yadda suke haɗuwa da nasa. Ohio State, Cincinnati da Case Western duk suna ba da digiri na uku a injiniyan lantarki. Dayton tana da tazarar kusan mil 70 daga Columbus, kusan mil 55 daga Cincinnati, a cikin garin kuma akwai Jami'ar Dayton da ita kanta Wright State. Rootstown tana kusa da Akron, ba ta kai tafiyar awa guda zuwa Cleveland ba. Toledo kuwa, abin da mutane ke mantawa, tafiyar kusan awa ɗaya ce zuwa Ann Arbor, inda Jami'ar Michigan take, ɗaya daga cikin manyan wuraren injiniya a ƙasar. Idan aka ɗauke ki a Toledo shi kuma aka ɗauke shi a Michigan, gida ɗaya zai yiwu. Sai dai ku ajiye gidan a ɓangaren Ohio, ku kuma tambayi ofishin rajista a rubuce abin da zai taɓa matsayinki na 'yar jiha, domin bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne. Kuma idan tafiya ta zama dole, shi ne zai riƙa yin ta. A shekara ta uku akwai watannin da za ki kasance a sashen tiyata tun ƙarfe biyar na asuba, akwai kwanan asibiti. Mutumin da ya kwana a tsaye bai kamata ya kama sitiyari na awa guda cikin ƙanƙarar Janairu ba. Wannan magana ce ta rai, ba ta jin daɗi ba.

Bayan Ohio, ku ƙara gari uku ko huɗu daga cikin waɗanda makarantu suka yi cincirindo. Philadelphia tana da Penn, Jefferson, Temple, Drexel da makarantar DO ta PCOM, ga Cooper a tsallaken kogi a Camden. Chicago da kewaye akwai Northwestern, Jami'ar Chicago, Illinois, Rush, Loyola da Rosalind Franklin. Washington tana da Georgetown, George Washington da Howard, Baltimore mai tazarar kusan mil 40 tana da Johns Hopkins da Maryland, jirgin ƙasa na MARC yana haɗa su. Pittsburgh ma ku duba ta saboda Carnegie Mellon da Jami'ar Pittsburgh, ko da yake makarantar likitanci ta can tana da tsauri. A irin waɗannan garuruwan, ke ki nemi huɗu ko biyar, shi ya nemi biyu ko uku, damar haɗuwa ta ninka. Garin da ke da makaranta ɗaya gare ki da malami ɗaya gare shi, sai dukkan ƙofofin biyu sun buɗe lokaci guda, kuma hakan ba ya yawan faruwa. Makarantun gwamnati na wasu jihohi kuwa, ki buɗe MSAR, kundin da ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC ke fitarwa, ki ga baƙi nawa suka ɗauka bara kafin ki biya. Texas misali ce: doka ta ware kashi 90 cikin 100 na kujerun makarantunta na gwamnati ga 'yan jihar, kuma tana da nata tsarin nema daban mai suna TMDSAS. Houston gari ne mai kyau ga iyali, mutanenmu suna da yawa a can, amma ga 'yar Ohio ƙofar ƙunci ce.

Akwai tarkon da ya kama ma'aurata da yawa, ina so ki kula da shi: suna ɗaya ba ya nufin gari ɗaya. Sashen injiniya na Cornell yana Ithaca, makarantar likitancinta tana tsakiyar birnin New York, tafiyar sama da awa huɗu a mota. Penn State tana University Park, likitancinta yana Hershey. Maryland, injiniya a College Park, likitanci a Baltimore. Jami'ar Illinois ta Urbana-Champaign daban take da ta Chicago. Bayan wannan kuma akwai makarantun da ke rarraba ɗalibansu. Indiana tana da rassa tara a faɗin jihar. Kwalejin likitanci ta Illinois tana Chicago da Peoria da Rockford. Michigan State tana tura ɗalibai garuruwa daban-daban, har Marquette can arewa mai nisa. Jami'ar Washington da ke Seattle tana hidimar jihohi biyar, zagayen asibitinta yana iya kai ɗalibi Alaska ko Montana. Makarantun DO da yawa ba su da babban asibitin kansu, saboda haka shekara ta uku da ta huɗu suna iya kasancewa a wani gari, wani lokaci ma ta hanyar ƙuri'a. Tambayar da za ki yi wa kowace makaranta ita ce: a ina ɗalibanku suke yin shekara ta uku, wa ke yanke hukunci, kuma ana duba masu iyali? Ki tambayi ɗalibai, kada ki tsaya a abin da ke shafinsu na intanet.

Ba na so ki raina DO. Likita ne cikakke, yana rubuta magani, yana tiyata, kuma tun 2020 horon ƙwarewa na MD da DO ya koma ƙarƙashin tsari ɗaya. A fannoni masu tsananin gasa kamar fata ko tiyatar ƙwaƙwalwa hanyar ta fi wuya ga mai DO, wannan gaskiya ne. Amma idan burinki yara ne, ko likitan iyali, ko cututtukan ciki, gurbi a Dublin da zai bar ku a gidanku tare da mutanen da kuka sani ya fi gurbin MD a jihar da ba ki san kowa ba, maigida kuma yana can nesa. Idan kina tunanin komawa gida aiki wata rana, ki bincika yadda hukumar likitocin ƙasar take karɓar takardar kafin ki yanke.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ainihin wahalar, domin kalandarku ba ɗaya ba ce. AMCAS tana buɗewa a watan Mayu, ana fara turawa a ƙarshen Mayu, makarantu suna fara gani a ƙarshen Yuni. Daga nan kowace makaranta ta aiko da nata tambayoyin, Yuli da Agusta kenan. Intabiyu daga Satumba har Maris. Mafi yawan makarantu suna cika kujeru ne a hankali, wanda ya riga zuwa ya riga samu, kuma ba a fara sanar da ɗauka kafin 15 ga Oktoba. Shi kuwa nasa fom ɗin galibi a Disamba ake rufewa, amsa ta zo a Fabrairu ko Maris. Wannan tazarar alheri ce idan kun yi amfani da ita. Idan kin tura da wuri, kafin Disamba za ki san garuruwan da suka kira ki intabiyu, wataƙila ma kina da gurbi a hannu. Sai ya ƙara nema a waɗannan garuruwan, ya rage inda aka yi miki shiru. Shi ya sa nake ce miki kada ki yi jinkiri ko na mako biyu a watan Yuni. Jinkirinki ba ke kaɗai zai shafa ba.

A ƙarshen zangon kuma akwai ranaku biyu. Jami'o'in Amurka da yawa sun amince a tsakaninsu cewa ɗalibin da aka yi wa tayin digiri na gaba da tallafin kuɗi yana da har 15 ga Afrilu ya amsa. A likitanci, a ranar 15 ga Afrilu ake so mai gurabe da yawa ya rage su zuwa uku, 30 ga Afrilu kuma ya riƙe ɗaya. Ke nan shi zai sa hannu kafin ke da mako biyu. Idan kina da gurbi a hannu, babu matsala, ku yanke tare kafin ranarsa. Matsalar tana zuwa idan kina cikin jerin masu jira, domin jerin yana motsi ne daga Mayu har Yuli, bayan shi ya riga ya ɗaure kansa. A irin wannan hali, da zarar ya karɓi tayi, ki rubuta wa makarantun garin da ke riƙe da sunanki wasiƙa gajeriya: maigidana ya karɓi gurbin digiri na uku a jami'a kaza, iyalinmu za su zauna a garin nan shekara biyar, idan kun ɗauke ni zan zo. Makaranta tana son wanda ta tabbata zai zo. Amma alkawarin "zan zo" makaranta ɗaya ake yi wa, kuma a cika shi. Shi ma kada ya ji nauyin gaya wa malamin da ke son sa halin da ake ciki. Malamai sun saba jin irin wannan, wani zai yi masa haƙurin 'yan kwanaki, wani zai yarda ya fara a Janairu.

Akwai tsarin neman makaranta ɗaya tak da wuri, a tura kafin 1 ga Agusta a ji amsa zuwa 1 ga Oktoba. Yana da ban sha'awa ga ma'aurata domin yana bayyana gari tun da wuri. Amma kafin amsar ta zo ba ki da izinin neman wata, idan kuma aka ƙi ki, kin shiga layi a makare. Ban ba ki shawararsa ba sai idan ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar ya duba takardunki ya ƙarfafa miki gwiwa.

Game da yawan makarantu, matsakaicin mai nema yana tura wa kusan 18. A halinki, 20 zuwa 25 da aka zaɓa da hankali sun isa, tare da 'yan DO ta hanyar AACOMAS, tsarin neman makarantun DO. AMCAS tana karɓar kusan dala 175 a makarantar farko da sama da dala 40 a kowace ƙari, tambayoyin kowace makaranta kuma suna zuwa da nasu kuɗin, sau da yawa kusan dala 100. Ku duba ko kun cancanci tallafin rage kuɗi na AAMC, a nema kafin a biya, domin ba a mayar da abin da aka riga aka biya. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, kada ki nemi makarantar da kin san ba za ki je ba. Wanda aka ɗauka ya ƙi zuwa sannan ya dawo nema baɗi, zai sha tambaya, kuma amsar ba ta da daɗin bayarwa.

Kuɗin zama ma yana cikin zaɓen gari. Alawus ɗin ɗalibin digiri na uku a injiniya yawanci dala 30,000 zuwa 45,000 ne a shekara, kuma shi ne zai zama abin shigar gidanku, domin ɗalibar likitanci ba ta da lokacin aiki. Wannan kuɗin a Toledo ko Dayton yana biyan haya da cefane. A Boston ko New York haya kaɗai za ta cinye mafi yawansa, ga kuɗin wurin renon yara da ke haura dala 1,000 a wata a garuruwa da yawa. Rabin waɗanda ke gama likitanci da bashi suna fita da kusan dala 200,000 ko fiye. Dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta rufe rancen gwamnati na Grad PLUS ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026, ta kuma ƙayyade rancen gwamnati ga ɗaliban likitanci a dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya. Abin da ya haura sai bankuna. Kuma duk waɗannan rance ne mai kuɗin ruwa, abin da na san yana damun iyalai Musulmi ƙwarai. Ku zauna da malamin da kuka amince da iliminsa tun yanzu, kada ku bari sai takardar sa hannu tana gabanki. Ko me ya ce muku, makarantar jiha mai sauƙin kuɗi tana rage nauyin. Makarantar likitanci ta NYU a New York ta daina karɓar kuɗin makaranta tun 2018, ta Einstein tun 2024, Johns Hopkins ma daga 2024 ga iyalan da ke samun ƙasa da dala 300,000, sai dai kowa yana rububinsu. Ki sani kuma, makarantu da yawa suna neman bayanin kuɗin iyaye kafin su ba da tallafinsu ko da mutum yana da aure, saboda haka ki sanar da su Baba da wuri.

Abin da ma'aurata suka fi mantawa shi ne shekara ta huɗu. Ke za ki gama cikin shekara huɗu, shi sai biyar ko shida. A watan Maris na shekararki ta ƙarshe tsarin NRMP zai tura ki asibitin horon ƙwarewa, na shekara uku zuwa bakwai, kuma sakamakon wajibi ne a bi shi. Akwai hanyar haɗa ma'aurata a tsarin, amma sai idan dukansu likitoci ne masu nema tare. Ku ba ta shafe ku ba. Ke nan tambayar da kike yi yau za ta dawo bayan shekara huɗu, lokacin yana tsakiyar bincike. Gari mai asibitocin horo da yawa, irin Cleveland, Columbus, Philadelphia ko Chicago, yana ba ki damar zama inda kike har ya gama. Ƙaramin gari mai asibiti ɗaya ba ya ba da wannan. Shi ma ya tambayi kansa ko bincikensa na kwamfuta ne da za a iya ƙarasa rubutunsa daga nesa, ko na ɗakin gwaji ne da sai yana wurin kullum.

Saura shawarar masu cewa ki jira. Idan za a jera ku, ɗaya ya riga ɗaya, ni a ganina shi ya fi sauƙin jira. Makin MCAT yana tsufa, makarantu da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce shekara uku, sake zama jarrabawar da ƙaramar yarinya a gida kuma ba wasa ba ne. Injiniya mai takardar zama yana iya aiki shekara ɗaya, ya tara kuɗi, ya je ya gaisa da malaman garin da aka ɗauke ki, ya nema yana sane da inda gidansa yake. Shekarar aikin ba ta rage masa daraja a idon masu ɗauka. Akasin haka, idan shi ya fara zama wuri, kin takura kanki ga makarantun gari ɗaya, a fagen da ko mai nema ko'ina ba shi da tabbas. Na san wannan magana tana da nauyi a gidajenmu, inda aka saba mace ce ke bin miji, kuma dangi a gida za su yi tambaya. Ba na raina wannan. Amma ku biyu ne kuka san lissafin, kuma maigidan da ya fahimci lissafin shi zai fi kowa iya yi wa iyayensa bayani. Ki kai masa maganar cikin girmamawa, da takarda da alƙaluma, a matsayin shawara.

Kafin ki danna tura fom, ku zauna ku amsa tambayoyi uku, ku rubuta amsar. Idan ke kaɗai aka ɗauka, zai jira shekara? Idan shi kaɗai aka ɗauka, za ki sake nema daga sabon garin, kuma me zai faru da matsayinki na 'yar Ohio idan kun tashi? Idan an ɗauke ku a garuruwa biyu, tazarar awa nawa za ku iya jurewa, na tsawon wane lokaci, kuma yarinya a hannun wa? Wasu makarantun likitanci suna yarda a ɗage shiga da shekara ɗaya idan an nema da dalili, amma ba duka ba, tallafin digiri na uku kuma ba kasafai ake ajiye wa mutum shi ba. Ki duba ƙa'idar kowace makaranta a MSAR ki rubuta ta kusa da sunanta a jerinki. Zuwan Hajiya ta taya reno taimako ne babba idan ya samu, sai dai bizar ziyara wata shida ce galibi, samunta ma ba tabbas, kada a gina shekara huɗu a kanta. Ku yi wannan zaman a watan Mayu kuna cikin natsuwa, ku yi istihara, sannan ki tura fom ɗinki a makon farko da aka fara karɓa. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.